Rumbun Kwamfuta: A Gyara Shi Tun Kafin Kaka

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu lokacin kaka, ya tsaya Zauro ya dubi yadda manoman fadamar Rima ke shigar da shinkafa gida, zai ga babu mai hankalin da ke jira sai amfani ya taru a ƙofa sa'an nan ya tuna da rumbu; tun ba a sa lauje ba ya yaɓe tsaga, ya duba duwatsun da rumbun ke kai saboda gara da danshi, ya sabunta jinka. Wannan hikima ta magabata ita ake bukata ga dukiyar da muke tarawa yau cikin kwamfuta, kamar sakamakon ɗalibai, da takardun filaye, da lissafin 'yan kasuwa, domin faifan da ake zuba kwafin ko-ta-kwana a cikinsa rumbu ne, kuma saurinsa da amincinsa sun rataya ga yadda aka shirya shi tun yana fanko.

Mas'ala ta farko ita ce tsarin da ake shata wa faifai ranar da aka yi masa fomat, watau ƙa'idar da kwamfuta za ta bi wajen jera fayiloli da rubuta inda ta aje kowanne. Ɗauki misalin mai ɗaukar bidiyo da ya wuni a bakin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, ya dawo da fayil guda mai gigabayit 6, ya soka filash ɗinsa da ke da sarari har ya yi yawa, amma kwamfuta ta ce fayil ya fi ƙarfin wurin. Illar tana ga tsohon tsari mai suna FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4. Tsarin exFAT, da kamfanin Microsoft ya fitar a 2006, ya kau da wannan haddi. Sai dai NTFS ya fi dacewa da ajiya mai daɗewa, domin yana da littafin tsaro da yake rubuta niyyarsa kafin ya aikata, ta yadda in an ɗauke wuta ana tsakar aiki, abin da ba baƙo ba ne gare mu, jerin fayiloli ba zai watse ba. Ma'abota Linux kuwa suna samun wannan fa'ida ga ext4 da XFS.

Mas'ala ta biyu, wadda a cikinta sirrin sauri yake, ita ce girman ma'auni. Kwamfuta tana yanka faifai gida-gida, kuma bisa al'ada NTFS kan ba kowane gida kilobayit 4. Fayil mai gigabayit 4 zai ci gidaje fiye da miliyan ɗaya ke nan, alhali in an yanka su kilobayit 64 gidaje 65,536 sun ishe shi. Wanda kuwa ya taɓa ganin ana auna tarin shinkafa da mudu, aka koma aunawa da buhu, ya san inda bambancin yake. Amma buhu ba ya dacewa da ɗan tsaba: wasiƙa mai kilobayit 2 za ta mamaye gida guda sukutum, saura ya tafi a banza. Saboda haka faifan da zai riƙa karɓar manyan ƙunsoshin ajiya da bidiyo a ba shi babban ma'auni, na ƙananan takardu kuwa a bar shi bisa al'ada, ko a ɗaure takardun cikin ƙunshi guda kafin a kwafe su. Lalle a yanke wannan shawara tun farko, domin sauya ma'auni sai da sabon fomat, fomat kuwa yana share kome. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma ladubban da ke ƙara sauri ba da tsada ba: a ware wa ajiya faifai nata dabam da wanda kwamfuta ke aiki a kai, a soka shi a kafar USB 3.0 da ta ninka ta 2.0 gudu kusan sau goma, kada a cika shi maƙil, a kuma tsare shi daga zafin bazara da ƙurar hunturu.

Manyan ofisoshi kan haɗa faifai biyu ko fiye su zama ɗaya, dabarar da masana a Jami'ar Kalifoniya ta Bakli suka raɗa wa suna RAID a 1987, domin in ɗaya ya mutu aiki ya ci gaba. Sai dai kada a ruɗu, gama abin da aka goge bisa kuskure nan take yake gogewa daga dukansu. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gari; wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san ruwa ba ya bambanta rumbu da na kusa da shi.

Malaman ƙasar Gwandu, waɗanda ta hannunsu littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka iso gare mu, ba su ɗaukar kwafi ya inganta sai an yi muƙabala, wani na karanta asali, wani na bin sabon rubutu da ido. Tsarin ZFS, da kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙira, yana yin irin wannan da kansa, yana lissafa hatimi ga kowane yanki domin ya gane inda ya gurɓace. Wanda ba shi da ZFS sai ya yi muƙabalarsa da hannu: kowane wata ya ɗauko fayil daga ajiya, ya mayar da shi kan kwamfuta, ya buɗe ya karanta, ya kuma lura da tsawon lokacin da aikin ya ci. Takardun mutane amana ne a hannun mai riƙe su, kuma ba ya sauke ta da cewa ya zuba a rumbu, sai ya tabbata in an zo nema zai iya fitarwa.