Yesu Rabi da Rabi? Abin da 'Yan Lutheran Suke Koyarwa da Bakinsu

Sau uku ke nan cikin wata guda ana turo mini saƙon muryar nan a WhatsApp. Wani mutum ne da murya kamar ta mai tallan magani a tasha, yana bayani wai 'yan Lutheran wani Bature suke bauta wa, wai kuma sun ce Yesu rabinsa Allah ne, rabinsa mutum. Zargin farko bai isa a ɓata masa tawada ba. Martin Luther limamin coci ne ɗan Jamus, an haife shi a 1483 ya rasu a 1546, kuma shi da kansa ya roƙi mutane a 1522 su daina kiran kansu da sunansa, tunda ba shi aka gicciye domin kowa ba. Mai saƙon har ya haɗa shi da Martin Luther King na Amurka, wanda faston Baptis ne, tsakaninsu kuwa shekara ɗari huɗu da ɗoriya.

Zance na biyu shi ne ya ci mini tuwo a ƙwarya, domin na sha jin sa daga bakin 'yan cocin su kansu. Kwanakin baya a mota daga Yola zuwa Numan gardama ta sarƙe tsakanin wani saurayi mai rataye da gicciye da wani ɗan kasuwa Musulmi. Da tambayoyi suka yi wa saurayin yawa, sai ya ce, "Ai abin da sauƙi, Alhaji. Kamar ruwa biyu ne, rabi daga sama, rabi daga ƙasa." Wani dattijo da ke kujerar gaba ya waiwayo ya ce, "Ɗana, a wane aji aka koya maka wannan?" Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, haka dai nake ji ana faɗa." Haka dai nake ji! Da wannan kalma muke kashe ilimi a ƙasar nan.

A taƙaice, koyarwar Lutheran ita ce Yesu Almasihu mutum ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, cikakken Allah kuma cikakken ɗan Adam. Ba su suka fara faɗin haka ba. Taron bishop-bishop da aka yi a Kalsidon, cikin Turkiyya ta yau, a shekarar 451 shi ya tsayar da maganar, 'yan Katolika da Angilikan da Baptis duk a kanta suke. Luther ya maimaita ta a Ƙaramin Katikismansa na 1529, Shaidar Bangaskiya ta Augsburg ta 1530 kuma ta sa ta a sashe na uku. Kalmar "Ɗan Allah" a wurinsu ba ta nufin aure ko haihuwa irin ta jiki, kuma Allah ɗaya suke furtawa, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

To me ya sa suka ƙi "rabi da rabi" ƙememe? Saboda rabin mutum ba mutum ba ne. A koyarwarsu, yunwar da Yesu ya ji yunwa ce ta gaske, barcin da ya yi a jirgin ruwa barcin gajiya ne, hawayen da ya zubar lokacin mutuwar Li'azaru ba na wasan kwaikwayo ba ne. Yana da jiki da rai da hankali irin na kowa, zunubi kaɗai suka cire masa. Allah kuwa ba ƙosai ba ne da za a gutsura a ba wani rabi. Wanda ya ce rabi da rabi ya ƙirƙiro wata halitta ta uku, wadda ba ta kai Allah ba ta kuma wuce mutum, irin jaruman tatsuniyoyin Girkawa. An tuhumi wani shugaban sufaye mai suna Yutikas da narkar da ɗabi'un biyu su zama ɗaya, Kalsidon ta yi watsi da ra'ayin. Kafin nan, a Afisa a 431, an ƙi koyarwar da aka danganta wa Nastoriyas, ta raba su har su zama kamar mutum biyu masu haya a gida ɗaya.

Bayan rasuwar Luther saɓani ya taso tsakanin almajiransa, sai malamansu suka rubuta wata takardar daidaitawa a 1577, suka keɓe sashe na takwas ga wannan batu. A ciki sun ɗauko wani tsohon misali wanda duk wanda ya taɓa zama a maƙera zai gane shi nan take. Ka lura da maƙeri in ya tura ƙarfe cikin gawayi, yaro yana ta zuga. Can sai ya ciro shi da awartaki, ya yi jajir, ya ɗora a kan uwar maƙera. Wannan abin ƙarfe ne ko wuta? Ka taɓa shi ka ji wuta. Masaba ta sauka a kansa ka ji ƙarar ƙarfe. Ƙarfen bai daina zama ƙarfe ba, wutar ba ta koma ƙarfe ba, amma ba wani gefe da za ka nuna ka ce nan wuta ce zalla, can ƙarfe ne zalla. Misali ne kawai, kuma misali ba ya kai mutum gida, sai dai ya fi lissafin rabi da rabi nesa ba kusa ba.

Daga nan ne 'yan Lutheran suka ɗauki matakin da ya bambanta su da wasu 'yan Furotesta. Sun ce tunda mutum ɗaya ne, abin da ya shafi kowace ɗabi'a ana jingina shi ga Almasihu ɗungurungum. Don haka ba sa jin nauyin cewa Ɗan Allah ya sha wahala ya mutu, ko da yake allahntaka a kan kanta ba ta mutuwa. Takardar 1577 har ta yarda a kira Maryamu uwar Allah, ma'ana wanda ta haifa shi ne wannan mutum ɗayan, ba wai ta riga Allah wanzuwa ba, kuma ba sa yi mata sujada. Sun ƙara da cewa mutuntakarsa ta sami rabo a ɗaukakar allahntakarsa, kamar yadda ƙarfen nan yake ƙuna da zafin da ba nasa ba. Kan wannan aka yi ta ta ƙare a taron Marburg tun a 1529. Luther da Zwingli na Suwizalan sun daidaita a kan batutuwa goma sha huɗu, na sha biyar, wato Jibin Ubangiji, ya gagara. Zwingli ya ce jikin Almasihu yana sama a hannun dama na Allah, gurasa da ruwan inabi alama ce. Luther ya ce hannun dama na Allah ikonsa ne, ikonsa kuwa ba shi da iyaka, saboda haka jiki da jinin Almasihu suna nan da gaske a Jibin. Suka tashi baram-baram.

Duk wannan wahalar saboda ceto ce. A ganinsu, in mutum ne kawai, mutuwarsa ba ta isa fansar duniya ba, in kuma bai zama mutum na gaske ba, bai tsaya a madadin kowa ba.

Musulmi bai yarda da wannan ba, kuma ba sai an yi kwana-kwana ba. A Musulunci Annabi Isa, alaihissalam, bawan Allah ne kuma manzonsa, ba a gicciye shi ba. Bambancin babba ne, zaman tare bai buƙaci a ɓoye shi ba. Abin da ba shi da kyau shi ne ka ƙirƙira wa maƙwabcinka aƙidar da bai faɗa ba, sannan ka hau ta da duka. 'Yan Lutheran ba baƙi ba ne. Tun 1913 likita ɗan Danmak Niels Brønnum ya sauka a Numan, daga aikinsa cocin Lutheran ta Adamawa ta tsiro, da Hausa ake wa'azi a majami'unta da dama, kuma Akbishop Musa Panti Filibus shi aka zaɓa shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya a Namibiya a 2017. Wanda ke son sanin abin da suka gaskata, ga su nan a unguwa da kasuwa.

Saboda haka in saƙo irin wannan ya shigo wayarka, ka tambayi kanka wa ya yi shi, daga wane littafi ya ɗauko. In babu amsa, ka bar shi ya mutu a hannunka. In wanda ya turo maka babba ne, ka same shi a keɓe cikin ladabi, kada ka tsinka shi a gaban jama'ar zaure. Matasan coci masu zafin gardama a Facebook, ku koma ku karanta Ƙaramin Katikisma tukuna, ɗan littafi ne da Luther ya rubuta domin magidanta su koyar a gida, zama ɗaya ya isa a gama shi. In an yi muku tambayar da ta fi ƙarfinku, cewa "bari in tambayo" ba abin kunya ba ne, ya fi ku ƙaga amsa a cikin mota. Iyaye kuma, kun sakar wa malamin ajin katikisma komai, alhali awa nawa yake ganin yaranku a mako? Fastoci da masu bishara, ku rage wa'azin buɗi da cin nasara kaɗan, ku tambayi matasanku ko wane ne Yesu, ku saurari amsar da kunnenku. Za ku sha mamaki.

Kai kuma mai saƙon murya, in wannan rubutu ya iso gare ka, ka nemi ɗan Lutheran ɗaya da ya san littafinsa, ka zauna da shi kafin ka sake danna wayarka.