Baƙin Damina a Rikoto

Da ruwan fari ya sauka a Rikoto ta ƙasar Zuru, sai shinge ya fito. Yara su kewaye fitila da kwanon ruwa, washegari a soya a barbaɗa gishiri. Ba da jimawa ba malam-buɗe-littafi, farare da rawaye, su cika lakar bakin rafi.

Amma suna da wata 'yar'uwa mai launin toka wadda ba ta yawo sai da dare. Ita ce uwar tsutsar nan mai cin masara. Asalinta nahiyar Amurka, a shekarar 1916 kakanninmu ba su san ta ba, sai a 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudu maso yammacin Nijeriya. Takan zuba ƙwai a jikin ganye, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shige tsakiyar shuka. In ka ga ganye ya huhhuje, da kashi kamar dusa, to ta iso. Ka riƙa dubawa da sassafe, ka murƙushe ƙwan. Waɗansu manoma sukan zuba toka ko yashi a tsakiyar shukar.

Kada dai haushi ya sa ka feshe gona duka, gama maganin bai san abokin manomi ba. Gizo-gizo yana cin ƙananan tsutsotsi. Zanzaro ma, wanda uwargida take rushe masa gini a bango, tsutsa yake kai wa 'ya'yansa. Fasa tsohon gininsa ka nuna wa yara.