Binciken Jami'a Da Ya Rage Zubar Jini Bayan Haihuwa

Uwargida, zubar jini bayan haihuwa na kan gaba wajen hallaka mata masu haihuwa. Sau da yawa da ido ake ƙiyasta jinin, ba a farga ba sai lokaci ya ƙure.

A shekarar 2023 aka fitar da sakamakon binciken da Jami'ar Birmingham ta Ingila ta jagoranta, da haɗin gwiwar Jami'ar Bayero ta Kano, a ƙasashen Afirka huɗu. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni da ke tara jinin. Da ya wuce ƙima, sai a murza mata mara, a yi allurai da ƙarin ruwa lokaci guda. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100.

Don haka ki haihu a asibiti. Maigida, ka tanadi abin hawa tun kafin naƙuda.