Karatun Yara a Gida: Yadda Iyaye a Damagaram Ke Laluben Manhaja Mai Sauƙin Kuɗi

A daminar 2024, wadda ta rusa tsohon masallacin unguwar Birni, gwamnatin Nijar ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga watan Oktoba, saboda ambaliya ta lalata ajujuwa, wasu kuma sun zama mafakar waɗanda suka rasa muhalli. Makonnin da yara suka ƙara a gida sun jefa wa iyaye da dama a Damagaram tambaya: idan lakwal ta tsaya, me za a koya wa ɗan shekara biyar ko shida, kuma da wane littafi?

Karatun gida ba baƙon abu ba ne a birnin. Tun zamanin sarakuna ake makarantar allo a zaure, kuma allo da tawada ba sa cinye aljihu. Sai dai karatun boko na da nasa tsani, daga ajin CI har zuwa CM2. Yaron da aka koyar ba bisa wannan tsari ba, ranar da aka kai shi rajista yana iya tsintar kansa a ajin ƙannensa.

Shi ya sa littattafan cibiyar INDRAP ta Yamai, waɗanda ke bin manhajar gwamnati, suka fi zama abin dogaro. Tsohon littafin yayan yaro, ko wanda aka samu na hannu a Kasuwar Dole, zai yi aiki muddin shafukansa sun cika.

Batun harshe ya fi ɗaure kai. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma har yanzu da Faransanci ake rubuta jarrabawar BEPC. Yaro ya fi saurin gane haruffa da harshen da yake mafarki da shi, don haka fara karatu da Hausa dabara ce, in dai Faransanci zai biyo baya kafin tafiya ta yi nisa. Littattafan Hausa na Kano suna taimakawa a nan, ko da yake an tsara su ne bisa manhajar Najeriya mai kai yaro ga Turanci, kuma inda suke rubuta 'ya'ya, littattafan Nijar ƴaƴa suke rubutawa.

Ga 'yan ci-rani da ke Libiya ko Aljeriya, abu mafi sauƙi shi ne aiko da waya cike da manhajojin yara. Wayar na buƙatar caji da kuɗin intanet, ga ɗauke wuta, kuma ba ta duba ko yaro ya riƙe alli daidai. Jakunkunan da za a kashe mata za su fi amfani idan maƙwabta uku ko huɗu suka haɗa suka ɗauki ɗalibin Jami'ar André Salifou ya riƙa zama da yaran a zaure bayan la'asar.