Hancin Mota da Kuɗin Cefane

Uwargida, kin dai san harshen wutar risho. In shuɗi ne, kananzir da iska sun daidaita. In ya yi ja yana hayaƙi, kananzir ya rinjayi iska, ga asarar mai, ga aikin kankare gindin tukunya. To, haka cikin injin mota yake, sai dai shi ba a ganin wutarsa.

Injin fetur yana son iska kilo 14.7 ga kowane kilo ɗaya na mai. Mai lura da wannan awo wata 'yar na'ura ce kamar fulogi da ake ɗaurawa a jikin salansa, makanikai na kiranta sansa. Sunan kuwa ya dace, domin sansanar hayaƙi take yi, ta gaya wa kwamfutar motar a ƙara mai ko a rage. Kamfanin Bosch na Jamus ya ƙera ta, motocin Volvo suka fara fita da ita a 1976.

Za ki ce ina ruwan mace da salansa? Da ruwanki ƙwarai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023, mai ya zama kishiyar cefane. Sansa in ta mutu, mota ta dinga zuƙar mai ke nan tana baƙin hayaƙi, maigida ya je cin kasuwar Alhamis a Shinkafi ya komo Ƙaura, ribar ta ƙare a gidan mai.

Iri biyu ce. Ƙaramar, mai araha, abu biyu kawai ta iya faɗa, mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ta wadatar da motar da ba a taɓa injinta ba. Babbar, wadda ake kira wayidiban, ita ke faɗin awon daidai da lamba. In motar mai turbo ce, watau mai fanka da ke cusa wa inji ƙarin iska, kuma ana son a sake saita ta, to babbar za a nema, ko da ta fi tsada. Irin wannan inji in yana jan kaya yakan so mai ya ɗan yi yawa, wajen 12 ga 1. In man ya gaza, zafi ya yi yawa har fistin ya narke. Ba mai son motarsa ta mutu da iyali a ciki tsakanin Ƙaura da Zurmi, balle da yamma.

Saboda haka in an ce wa maigida a cire sansa a huta, ki lallashe shi ya sayi wadda lambarta ta dace da motar, a kuma duba matatar iska, musamman da hunturu.

Ku kuma 'yan makaranta, wannan lissafin kimiyya ne da kuke yi a aji, kuma ana koyar da injiniya a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983.