Kifin Nemo: Yadda ake hayayyafa shi a tankin gilashi a cikin gida

Da yawa daga cikinmu mun kalli fim ɗin katun nan mai suna Finding Nemo da kamfanin Pixar ya fitar a 2003, inda wani uban kifi ya ratsa teku yana cigiyar ɗansa da aka kama aka kai birnin Sidni na Ostireliya. Kifin nan mai launin ruwan lemo da fararen ɗamara uku akwai shi da gaske, masana na kiransa Amphiprion ocellaris. A Amurka da Turai da Asiya akwai mutanen da ke hayayyafa shi a tankin gilashi a ɗakunansu. A wannan makon mun duba muku yadda suke yi, kuma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne: wanda zai reni wannan kifi sai ya fara noma abincin da ido ba ya gani sosai.

Asalinsa

Dangin kifin Nemo sun kai kusan iri 30, suna zaune a ruwa mai ɗumi na Tekun Indiya da Tekun Fasifik. Akwai iri guda a Bahar Maliya, tekun da Jidda da Port Sudan ke bakinsa. A Tekun Atlantika kuwa babu shi, don haka ba za a same shi a gaɓar Legas ba. Gidansa wata halitta ce mai kama da fure da ake kira animoni, wadda ke harbin duk kifin da ya taɓa ta. Shi kuwa majinar da ke jikinsa na kare shi daga harbin, sai ya fake a cikinta.

Wani abin al'ajabi, a kowane gida kifin da ya fi girma shi ne mace, na biyu a girma shi ne mijinta. Idan macen ta mutu, sai mijin ya ƙara girma ya rikiɗe ya koma mace. Wannan ya sauƙaƙa wa masu kiwo aiki: su sayi ƙanana biyu su haɗa, wanda ya fi ƙarfi zai zama mace. Sai dai a yi haƙuri, don sukan ɗauki shekara guda ko fiye kafin su fara ƙwai.

Shirya ruwa

Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Gishirin miya ba ya yi, akwai na musamman da ake sayarwa mai sinadaran da ke cikin teku. Ana riƙe ɗumin ruwan tsakanin digiri 26 zuwa 28 a ma'aunin Salsiyos. Tanki mai cin lita 80 zuwa 100 ya ishi miji da mata, kuma suna yin ƙwai ko babu animoni.

Kun tuna darasin zagayen naitirojin a ajin Bayoloji? Nan yake aiki. Kashin kifi na fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke mayar da ita sinadarin da bai kai ta illa ba, kuma sai sun yi makonni huɗu zuwa shida kafin su yawaita a sabon tanki. Mai gaggawar zuba kifi kafin lokacin, asara zai yi.

Uba ne mai jinya

Masu kiwo kan ajiye tukunyar ƙasa irin ta shuka fure ko fallen tayil a cikin tankin. Idan lokaci ya yi, ma'auratan za su share wurin da bakinsu, macen ta manna ɗaruruwan ƙwai masu launin ruwan lemo, namijin ya bi ya barbare su. Daga nan yawancin aikin nasa ne. Yana yi musu fifita da fikafikansa don su samu iska, yana tsince waɗanda suka lalace. Ƙwan za su yi duhu, daga baya a hango idanun 'ya'yan suna ƙyalli kamar azurfa. Alamar ke nan cewa ƙyanƙyasa ta zo. Takan faru bayan kwana bakwai zuwa goma, kuma da dare, bayan an kashe fitila. Ma'auratan da ke cin abinci mai kyau sukan sake yin ƙwai kusan kowane mako biyu.

Kwanaki goma masu wuya

Jaririn da ya fito bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba. Idan aka bar shi a tankin iyaye, na'urar tace ruwa za ta zuƙe shi, ko iyayen su cinye shi. Saboda haka ko dai a ɗauke tukunyar da yammacin ranar ƙyanƙyasa a kai wani tankin, ko a haska tocila a gefe guda, jariran su taru a hasken, a kwashe su a hankali da kofi. Tankin reno ba shi da matata, sai 'yar iska da ake hurawa kaɗan-kaɗan, kuma ana rufe gefensa da baƙar takarda don kada haske ya ruɗa su.

A nan ne yawancin sababbin masu kiwo ke faɗuwa. Bakin jaririn ƙarami ne, kuma abu mai motsi kaɗai yake farauta. Abincinsa wata mitsitsiyar dabba ce mai suna rotifa, wadda ba ta kai rabin milimita ba. Ita ma rotifar sai an ciyar da ita da wata gansakuka mai ƙwayar halitta guda da ke mayar da ruwa kore. Ke nan mai kiwo yana da bokitin rotifa da kwalaben koren ruwa da yake kula da su kullum, tun makonni kafin ƙyanƙyasa. Idan bokitin ya mutu a daren da ƙwai suka fashe, cikin kwana biyu zuwa uku yunwa za ta kashe jariran. Hausawa sun ce da sabon gini gara yaɓe, to haka ma masu kiwo: sukan ajiye bokiti biyu, in ɗaya ya lalace a farfaɗo da shi daga ɗayan.

Bayan kamar mako guda sai a fara ba su 'ya'yan atimiya, wato wani ƙaramin jatan lande na tafkunan gishiri. Ita ce dai atimiyar da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a ƙasarmu ke ba 'ya'yan kifinsu. Tsakanin kwana takwas zuwa 12 jaririn ke rikiɗa: launin ruwan lemo ya bayyana, farar ɗamarar kai ta fito, sauran su biyo baya. Wanda ya tsallake wannan mataki ya fi kusa da rayuwa, kuma a tanki mai tsafta yana iya haura shekara goma.

Me ya sa wahalar take da amfani?

Yawancin nau'o'in kifin ado na teku har yau daga teku ake kamo su. A wasu yankunan Filifin da Indonesiya masunta sun daɗe suna fesa gubar sayanaid don su sumar da kifi su kama, gubar kuma tana kashe murjanin da dubban halittu ke rayuwa a kai. Tun farkon shekarun 1970 wani masanin halittun teku a jihar Fulorida ta Amurka, Martin Moe, ya nuna cewa ana iya hayayyafa kifin Nemo da yawa har a sayar. Duk kifin da aka ƙyanƙyashe a tanki, guda ne da aka bari a gidansa na teku.

Ba za mu ce ku je ku kafa tanki gobe ba. Kayan na da tsada, kuma idan aka ɗauke wuta na wasu awanni, jariran na iya mutuwa saboda rashin iska. Amma akwai abin da za ku iya yi a wannan zangon karatu. Ku ɗebo ruwan kududdufi mai kore a kwalba, ku roƙi malamin Bayoloji ya ɗiga shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ruwan daɗi ma yana da nasa rotifar, kuma da sa'a za ku ga tana kaɗa gashin bakinta kamar ana juya taya. Ku zana abin da kuka gani, ku aiko mana.