Zoɓo, Kanwa da Ruwan Khal: Awon Kimiyya Daga Kasuwar Douala

Ɗalibin sakandare da ke zaune a unguwar Hausawa ta New Bell zai iya haɗa kayan darasin awon asid kaf a Marché Central: busasshen zoɓo, wanda mutanen Kamaru ke kira folere, da kanwa, da garin bikabonat, da kwalbar ruwan khal. Sirinji kawai zai nema a kantin magani.

Zoɓo ne alƙalin wannan awo. Launinsa ja ne zur muddin ruwa na da tsami, idan kuwa dangin kanwa suka rinjayi tsamin sai ya dusashe ya koma kore-kore. Duk matar da ta taɓa zarce hannu wajen kashe tsamin zoɓo da kanwa ta ga wannan da idonta. Masanin kimiyya Robert Boyle ma da ruwan furanni ya yi irin gwajin a Ingila wajen 1664.

Abin da ajin kimiyya ya ƙara a kai shi ne ƙidaya. Giram 84 na bikabonat na kashe giram 60 na asid ɗin khal. Kwalbar khal da aka rubuta wa 6° tana nufin akwai kimanin giram 0.6 na asid a kowace mililita 10. To, a narkar da giram 8.4 na bikabonat a ruwa har ya cika mililita 100, a riƙa ɗiga shi da sirinji cikin mililita 10 na khal ɗin da aka sa wa ɗan zoɓo, ana girgizawa. Idan launi ya juya a wajen mililita 10, mai kwalba ya yi gaskiya. Idan ya juya tun a 5, an yi wa khal ɗin algus da ruwa.

Awon yana da gardama. Iskar da ke tasowa da kumfa kan jinkirta juyawar launi, sai an ɗan ɗumama ruwan. Zoɓon kuma shi kansa mai tsami ne, don haka ɗigo kaɗan ake sawa.

A ganina gwajin kanwa ya fi armashi. Daga yankin Tafkin Chadi ake haƙo ta gauraye da gishiri da ƙasa, shi ya sa ƙarfinta ke bambanta daga buhu zuwa buhu. Ɗalibai su sayo daga hannun 'yan kasuwa uku, su narkar da nauyi iri ɗaya, su tace, su ɗiga zoɓo kaɗan, sannan su ƙirga mililita nawa na khal kowacce za ta sha kafin zoɓon ya sake yin ja.